Lambar da Ta Kai Babur Tursa

Ranar da Siddiƙu ya fara tsayawa a tagar ofishin kati, ba zance ya zo ba. Faɗa ya zo yi, kuma tun daga Tursa yake shirya kalaman da zai yi shi da su.

Mashkura ce a bayan tagar. Aikinta a wannan ƙaramin asibiti na bakin garin Wurno ba allura ba ne, ba kuma ba da magani ba. Idan likita ya gama duba mutum ya rubuta abin da ya gani, sai katin ya zo hannunta, ita kuma ta nemo wa ciwon lambarsa cikin tsarin da asibitocin duniya suke bi, ta shigar a kwamfuta. Kowane ciwo da gidansa. Na fata da gashi da farce babi guda aka yi musu, lambobinsu duk da harafin L suke farawa, kuma wannan babin ta fi so, har ya ɓata mata ido. Ko gidan biki ta je, kafin ta ga zanen da mace ta ɗaura ta riga ta ga gefen goshin da kitso ya cinye, ta sa masa lamba a ranta.

Shi ya sa da ta ɗago kai ba fuskarsa ta fara gani ba. Farin tabo ta gani a gefen wuyansa, da wani a bayan hannun da ya dafa tagar da shi. Sai daga baya ta lura mai tabon dogo ne, baƙi, mai kyan haƙora, kuma ransa a ɓace yake.

"Sannu da aiki," ya ce, cikin muryar da babu sannu a cikinta. "Wa yar rubuta ni cikin kutare?"

Ta karɓi katin da ya miƙo, ta buɗe bayanansa. Siddiƙu Yusha'u, manomi, Tursa. Tana karantawa ta gane abin da ya faru.

A zuwansa na farko, ma'aikacin da ya duba shi ya rubuta cewa akwai farin tabo, a bincika ko kuturta ce, ya dawo ranar da likitar fata take zama. Ƙa'idar aikin Mashkura a fili take: abin da ake zato ba a ba shi lambar ciwo, alamar da aka gani kawai ake sa wa. Kuturta kuwa, duk da a fata take fitowa, ba 'yar babin L ba ce. Tana can babin cututtuka masu yaɗuwa, lambarta A30, kuma duk wanda ya faɗa wannan gida sunansa yana tafiya cikin rahoton ƙarshen wata. Ranar ana hanzarin rahoto, katuna sun taru, idonta ya sauka a kan kalmar kuturta, yatsanta ya buga A30. Daga baya Siddiƙu ya dawo, likitar fata ta sa ya rufe ido ta shafa auduga a kan tabon, ya ji ta sarai. Ta rubuta cewa launin fatar ne kawai ya gushe, ba ya ciwo, ba ya kama kowa. Amma rahoto ya riga ya tafi.

"Ni ta," in ji Mashkura.

Siddiƙu ya yi tsaye. A hanya ya riga ya zana wani tsoho mai tabarau a ransa, wanda zai musa, su ɗaga murya, mutane su taru. Bai tanadi abin da zai ce wa budurwa mai shuɗin hijabi da ta amsa laifi tun bai gama tuhuma ba.

"Ke ta?"

"Ni ta. Kuskurena na, ba na likita ba. Mi yaf faru?"

Ya faɗa mata, kuma da ya fara sai faɗan ya zama labari. Jami'in da ke bin diddigin masu kuturta ya shiga Tursa a kan babur ɗinsa mai farin akwati a baya, wanda ko yaran garin sun san na mene ne. Ya tsaya a ƙofar masallaci ana fitowa daga azahar, ya tambayi gidan Siddiƙu da ƙarfi. Ya jera mahaifiyarsa da ƙannensa yana duba musu baya da ƙafa. Tun daga ranar wanzamin unguwa ya ce askarsa ta dakushe. A majalisa aka fara kawo masa nasa kwanon daban. Ƙanwarsa da aka kusa sa wa rana, dangin saurayin suka ce a ɗan dakata.

Mashkura ta goge A30 a gabansa, ta buga L80, ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Na gyara."

"Nan kinka gyara," ya ce. "Tursa fa?"

Ta roƙi izini ta kira lambar wayar da ke kan katinsa idan ta samu abin da za ta iya yi. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi, ita kuma ta bi shi da kallo har ya tayar da babur.

Jami'in mai farin akwati ba baƙonta ba ne. Ja'afar sunansa, kuma ya daɗe yana neman dalilin tsayawa a tagarta. Yana da tsabta, yana da albashi, yana kuma da tabbacin cewa 'yar Malam Mainasara tasa ce, lokaci kawai ake jira. Da ya zo karɓar rahoto na gaba ta roƙe shi ya koma Tursa, ya tsaya a ƙofar masallacin nan, ya faɗa da irin ƙarfin muryar da ya yi tambaya da ita cewa kuskure aka yi.

Ja'afar ya yi murmushi. "Babur ɗin aiki ba shi zuwa ba da haƙuri, Mashkura. Inda lamba tat tura ni nika zuwa. Ki cire abin ga ranki, ƙauye na, za su mance."

Ba ta cire ba. Ta samu likitar fata ta rubuta takarda, ta ba direban motar Rabah ya kai Tursa, sannan ta tura wa Siddiƙu saƙo.

"Assalamu alaikum. Mashkura ce, ta ofishin kati. An cire sunanka daga rahoton. Likita ta rubuta takarda zuwa ga mai unguwarku. Ka yi haƙuri don Allah."

Sai washegari amsa ta zo.

"Wa alaikis salam. Takarda ta iso. Mai unguwa ya karanta, ya ce madalla, ya miƙo min ita da gefen rigarsa. Na gode duk da haka."

Ta yi dariya ita kaɗai a ofis, sannan kunyar dariyar ta kama ta. Kafin ta san abin da za ta rubuta wani saƙon ya shigo.

"To in ba kuturta ba ce, mi ne ne sunan abin da nike da shi a littafinku?"

"L80. Fata ce ta daina yin launi a wasu wurare. Ba ya hana komai."

"Ashe ina da lamba kamar mota."

Daga nan saƙonni suka ci gaba, da farko da dalili, daga baya babu. Siddiƙu yana da gonar albasa ta rani a fadamar Goronyo, kuma hanyarsa ta zuwa can ta fara bi ta Wurno fiye da yadda hanya ta bukata. Wasu samarin turare suke kawowa. Shi albasa ya kawo, manya jajaye, ya ajiye a gefen tagar ya ce ta kai wa mutanen gida. Abokan aikinta suka yi ta tsiya har aka tashi, amma kowa ya tafi da biyu a jaka.

Yana son ya ji yadda ake rarraba abubuwan. Ya tambaye ta abokinsa da gemu ya zube masa a wuri guda kamar an aske da kwabo, ta ce ita ba likita ba ce, amma irin wannan yana da gidansa, L63. Ya tambayi ƙyasbi, ta ce shi ma kamar kuturta yake, a fata ake ganinsa amma ba a babin fata aka ajiye shi ba. Ya ce to ashe har ciwo akwai ɗan gida akwai baƙo.

Shi ya fara kiran ta Malama Lamba. Ita kuma, bayan ta daɗe tana riƙe da sunan a baki, ta kira shi Tamanin.

"Malama Lamba, mutumin da ke ban ruwa yana duba waya har ruwa ya ci kunya guda, wace lamba ce tasa?"

"Wannan ba babina ba ne, Tamanin."

"Babin wa ne?"

"Ka tambayi Baba."

Ta tura kafin ta yi tunani, ta kifa wayar a kan tebur, ta shigar da katuna goma ba tare da ta san abin da ke cikinsu ba. Dole ta koma ta sake duba su ɗaya bayan ɗaya, don tun abin Tursa ba ta ƙara yarda da yatsanta ba.

A gaskiya tana sonsa. Ba ta da wayon ɓoye wa kanta. Tana son yadda ba ya ja wuyan riga ya rufe tabon, da yadda yake mayar da abin da ya ci masa rai abin dariya ba tare da ya ce bai ci ba. Wata rana da la'asar sakaliya ya tsaya a bakin tagar bayan kowa ya watse.

"Ni ban iya dogon zance ba," ya ce. "Ina son ki. In kin ba ni dama in turo manya."

Ta dubi hannunta. "Innarka ta sani?"

"Ta sani. Na hwaɗa mata komi, har da lambar."

"Mi tac ce?"

"Cewa tay yi, duk 'yan matan Wurno ban ga kowa ba sai wadda tas sa aka bar cin abinci da ni."

"Ta yi gaskiya."

"Ta yi. Amma ni nika auren, ba ita ba. Mi kinka ce?"

"Ka turo," ta ce, a hankali har sai da ya sunkuyo.

Manya suka zo, aka karɓe su da mutunci, aka ce za a yi bincike kamar yadda aka saba. Malam Mainasara mutum ne mai karatu, gidansu tun kakanni ake ɗaukar darasi a zaurensa, kuma ba ya gaggawa ko a shan ruwa. Bai kai ga aika kowa Tursa ba binciken ya zo har gida da ƙafarsa. Ja'afar ya kawo gaisuwa, ya zauna a gefen buzu, zance ya biyo ta kan baƙin da aka yi.

"Siddiƙu na Tursa? Na san gidan, Malam. Aiki yak kai ni."

"Wane aiki?"

"Wanda nika yi, Allah shi gafarta Malam."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba Mashkura haushi ke nan da ta ji.

Malam ya kira ta zaure bayan ɗalibai sun tashi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba, ba ya yi. Ya ce an kawo masa magana mai nauyi, kuma ba zai ba da ɗiyarsa inda ake zancen kuturta ba.

"Baba, ba shi da ita. Ni nis sa mishi ita."

Ta kwashe komai ta faɗa, tun daga katin har audugar likita. Malam ya saurara yana jan carbi.

"Na ji, kuma na yarda da ke. To hwarin da ke jikinai fa? Shi ma kuskuren kwamfuta na?"

"A'a, Baba. Shi yana nan."

"Zai tahi?"

"Ba a sani ba. Yana iya tsayawa, yana iya ƙaruwa."

"Ku kuna da lamba tai, mu ma muna da sunanai. Albaras. Littattafanmu sun ƙirga shi cikin aibobin da ka ba da zaɓi ga aure, ba ni niƙ ƙirƙira ba." Ya ajiye carbin. "Tashi ki tai. Ban ce i ba, kuma kada ki ɗauka na kusa cewa."

Ta tashi. Ta san littafinta sarai, amma ba ta taɓa tunanin mahaifinta ma yana da nasa babin fata ba.

A cikin wannan jiran ne saƙonnin Siddiƙu suka fara gajarta. Wanda yake aiko mata da labarin kowace kunyar albasa ya koma "Lahiya lau" da "To". Babur ɗinsa ya gano cewa akwai hanyar Goronyo da ba ta bi ta gaban asibiti ba. Ta ɗauka maganar Malam ce ta isa gare shi, ta rubuta masa ya yi haƙuri, Baba bai rufe ƙofa ba. Amsar da ta zo ta wani abu ce daban.

"Na haɗu da Ja'afar a Marnona. Ya ce duk asibiti an san tausayina kike ji, nauyin abin da kika yi ne ya hana ki kore ni. Na yi tunani, na ga ba abin mamaki ba ne. In haka ne na yafe miki tun ranar farko. Ba sai kin biya ni da kanki ba."

Ta karanta sau biyu. Ranta ya ɓaci, kuma ba da Ja'afar ba. Ta rubuta amsa mai tsawo ta goge. Ta rubuta gajera ta goge. A ƙarshe ba ta tura komai ba, kuma shirun ya yi wa kowannensu ciwo yadda ya kamata.

Allah ya sa aka tura ma'aikatan kati taron bita a Goronyo. Aka wuni ana nuna musu yadda sabon tsarin lambobi zai sauya babin fata. Da aka tashi, maimakon ta nufi tasha, ta tambayi inda masu albasa suke sauke kaya. Ta same shi a cikin rumfa yana ware manya da ƙanana, hularsa a gefe, zufa na bin farin wuyansa. Da ya gan ta ya miƙe, albasa biyu a hannu, ya rasa inda zai ajiye su.

"Malama."

"Lambar ta faɗi a hanya?"

Ya kau da kai.

"Saurara, Siddiƙu. Kana tsammanin kai kaɗai nit taɓa yi ma kuskure? Farkon zuwana aiki na sa ma wani tsoho na Dinawa lambar ciwon farce alhali ƙafa tai ta kumbura. Na sa ma wata mata sanƙo, ita ko amosanin kai gare ta. Duka na gyara, na ba da haƙuri. Ka ji an ce na aure su?"

Wani dattijo da ke ɗinkin buhu a rumfar gaba ya daina ɗinki.

"Na ji nauyin abin da niy yi ma," ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Har gobe ina ji. Amma nauyi daban, so daban. Rarrabe abubuwa shi na aikina, kuma wanga ban yi kuskure cikinai ba."

Siddiƙu ya dubi albasar hannunsa. "In ya hau min fuska fa? Likita ta ce yana iya hawa."

"Sai in riƙa gane ka daga nesa."

Ya yi dariya, ta farko tun Marnona, har ya share ido da bayan hannu, albasa ta ƙara masa wasu hawayen. Ya raka ta tasha yana tafe a gefe da ɗan rata, kamar yadda ya dace. Motar ba ta bar garin ba saƙonsa ya shigo.

"Ki yafe min, Malama Lamba. Na sa miki lambar da ba taki ba."

"Na yafe, Tamanin. Ka ga yadda abin yake da sauƙin yi."

Saura Malam. Bai ƙara tayar da maganar ba, ita ma ba ta yi gangancin tayarwa ba. Sai ga wata rasuwa a Tursa, wani tsohon ɗalibin kakanta, Malam ya shirya ya tafi ta'aziyya. Ya zauna cikin dattawan garin har aka yi la'asar. Da ya dawo bai ce komai ba sai da ya huta, sannan ya aika a kira ta.

"Na tambayi yaron ga," ya ce. "Sallatai, sun ce ba a riga shi sahu. Hannunai, sun ce ba shi cin na kowa. Uwatai, sun ce shi ka riƙon ta. Sannan sunka rage murya sunka ce sai dai ciwon nan. Nic ce wa yag ga ciwon da idonai? Kowa yad dubi na kusa da shi. Ashe babur sunka gani."

Mashkura ta sunkuyar da kai.

"Ke kin yi kuskure sau guda, kin gyara. Su kullum sai sun sake yin shi." Ya gyara zama. "Na koma na duba maganar albaras. Zaɓin da anka ba da, hakki na na matar da na waliyyinta. In sun sani tun ba a ɗaura ba, sunka yarda, babu sauran magana. To ina tambayak ki tambayar shari'a, ba ta uba ba. Kin san abin da ke jikinai?"

"Na sani, Baba."

"Kin yarda?"

"Na yarda."

"Saura nawa hakkin, ni kuma na bar shi. Ki ce su turo a sa rana."

Ta ja hijabi ta rufe fuska. Malam ya ɗauki littafinsa ya buɗe, don shi ma ba ya son a ga fuskarsa a lokacin.

Abin da takardar likita ta kasa, goron sa rana ya yi shi cikin sauƙi. Mutanen Tursa suka zauna suka yi lissafinsu: malami kamar Mainasara na Wurno, mai ɗiya a cikin asibiti, ba zai ɗauke ta ya ba kuturu ba. Ba wanda ya ce ya yi kuskure. Kowa ya tuna cewa shi dama tun farko bai yarda da zancen ba. Dangin saurayin ƙanwarsa suka dawo da fara'arsu kamar jiya suka tafi. Ja'afar ya aiko da saƙon taya murna mai kalma uku, ya kuma fara aiko wani ya karɓar masa rahoto.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam da hantsi. Motoci suka zo daga Rabah, masu albasa suka zo daga Goronyo da ƙamshin sana'arsu a ƙarƙashin turare. Siddiƙu ya sa farar shadda, wuyan rigar a buɗe yadda ya saba.

Mutum ɗaya ce har yanzu ba ta ce komai ba. Inna Uwaliya, mahaifiyar ango, ta yi duk abin da uwar ango take yi, ba ta rage ko ɗaya ba, amma ba ta yi wa amarya murmushi ba. Ita aka jera a tsakar gida aka ɗaga mata riga a gaban 'ya'yanta, kuma goro bai goge mata wannan ba.

Washegarin kai amarya aka shigar da Mashkura ɗakin surukarta gaisuwa. Ta durƙusa, lulluɓe, lalle har gwiwar hannu. Matan da suka rako ta suka yi barkwancinsu suka fita. Inna Uwaliya ta daɗe tana dubanta.

"Ke ta mai lamba."

"Ni ta, Inna."

"Matso."

Ta matsa. Tsohuwar ta miƙo hannun dama ta ɗora a kan cinyar amarya. Farcen babban yatsan ya yi kauri, ya yi ruwan ƙasa, bakinsa ya rabu da nama.

"Tun bara yake haka. Tunda kin iya, hwaɗa min. Wanga kuma wane gida za ki sa shi?"

Mashkura ta duba. Lambobi uku suka taso mata a kai lokaci guda, kowace tana cewa ita ce. Ta riƙe hannun da hannayenta biyu.

"Ban sani ba, Inna. Sai likita ta gani. In kin yarda, ranar da taka zama ni da kaina zan kai ki. Abin da tar rubuta shi zan sa, ba ƙari."

Inna Uwaliya ta dubi farcen, ta dubi amarya. Sannan gefen bakinta ya motsa.

"Ashe kin ji jiki."

"Na ji, Inna."

Tsohuwar ba ta janye hannun ba. Ta ɗora ɗayan a kan lulluɓin amarya, ta ɗaga murya yadda Siddiƙu, da ke tsaye a bayan labule yana riya cewa wucewa yake yi, zai ji.

"To zamna, ɗiyata. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Allah shi tsare ku da bakin mutane, shi tsare mutane da naku."

Daga bayan labule aka ce amin, tun kafin amarya ta buɗe baki.